Intabiyun neman aiki da Turanci: a haddace amsa ko a bari ta zo da kanta?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An kira ni intabiyu a wani kamfani, aikin akanta ne, saura kwana 10. Da Turanci za a yi tun daga farko har ƙarshe, ta Zoom, mutum 3 za su zauna da ni, minti 45. Karatu da rubutu ba sa ba ni wahala, amma da zarar an ce in buɗe baki sai kalmomin su watse. An ba ni shawara in rubuta amsoshi in haddace. Masana ku taimaka, ta ina zan fara?

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya sa a dace. Kada ki fara da Turancinki, ki fara da sanarwar gurbin aikin. Ki fitar da ita a takarda, ki ɗauki biro ki ja layi ƙarƙashin duk abin da suka ce suna buƙata. Za ki ga bai wuce abu 5 ko 6 ba, saura duk ado ne. Daga nan tambayoyinsu za su fito, domin masu tantancewar ma ita ce a gabansu, galibi da takardar ba da maki a gefe.

Sai ki yi lissafin lokacin. Cikin minti 45, gaisuwa da gabatarwa za su ci kamar 5, a ƙarshe a ba ki 5 ko fiye ki yi naki tambayoyin. Abin da ya rage minti 30 da ɗoriya. Tambaya ɗaya da amsarta da 'yar tambayar da ke biyo baya tana cin minti 3 zuwa 4. Kenan tambaya 8 zuwa 10 za ki fuskanta. Ba duk Turancin duniya ake nema a wurinki ba, Turancin tambaya 10 ne a kan aikin da kika riga kika sani.

Ga kowace buƙata ki samo abu ɗaya da ya taɓa faruwa a wurin aikinki na baya, ki tsara shi a kan tsarin da ake kira STAR: halin da ake ciki, nauyin da aka ɗora miki, matakin da kika ɗauka, sakamakon da aka samu. Inda mutane ke ɓata shi shi ne su ƙarar da minti ɗaya da rabi suna shimfiɗa. Shimfiɗa jimla 2 ta isa. Rabin lokacin na matakin da ke da kanki kika ɗauka ne, sakamako kuma ki rufe shi da adadi in akwai: kwana nawa aka rage, kuskure nawa aka gano.

Anti Malama: Na yarda da duk abin da Abban Sadiq ya faɗa, amma maganar hadda, ƙanwata, ki ajiye ta. Ga inda take kayar da mutum.

Wanda ya zauna ya rubuta amsa, Turancin littafi yake rubutawa: jimla mai kalma 30, da "moreover" da "furthermore" a ciki. Baki ba ya ɗaukar irin wannan jimlar in zuciya tana bugawa. Sannan hadda sarƙa ce, kalma ɗaya ta kuɓuce, sauran sun zube, sai ka ga mutum ya ɗaga ido sama yana neman layin da ya ɓace maimakon ya ci gaba da magana. Na uku, ba lallai su yi tambayar yadda kika haddace ta ba. Kin shirya wa "What is your greatest weakness?" sai a ce miki "What would your last manager say you need to work on?" Tambaya ɗaya ce aka sauya mata riga, mai hadda sai ya kasa gane ta. Wanda ya fi duka muni: amsar farko ta fito sumul kamar mai karanta labarai, aka yi 'yar tambaya a kai, sai inda-inda. Wannan tazarar ita ke sa mai tantancewa ya fara shakkar ko labarin ma gaskiya ne.

Abin da za ki yi, kowane labari ki rubuta masa kalma 5 ko 6 kacal a ƙaramin kati. Ki kalli katin ki faɗi labarin da baki, da ƙarfi, ba a zuci ba. Akwai dabarar da malaman harshe ke kira 4-3-2: ki ba da labarin cikin minti 4, ki sake ba da shi cikin 3, ki sake cikin 2. Matsin lokacin shi ke tilasta wa kwakwalwa ta zubar da tarkace ta riƙe hanya mafi gajarta. Kowane zagaye kalmomin za su ɗan bambanta, kuma abin da ake so kenan. Labarin ne zai zauna miki, ba jimlolin ba.

Baffan Yara: Malama, a nan zan ɗan saɓa miki, ki yi haƙuri. A ce kwata-kwata kada a haddace komai, wannan shawara ce ta wanda Turanci ya riga ya zauna masa a baki. Akwai abin da dole sai an haddace shi daram.

Na farko, jimla 2 na farkon amsar "Tell me about yourself". Kusan kullum da ita ake buɗewa, kuma lokacin ne fargaba ta fi yawa. In jimlolin farko suka fita lafiya, murya ta daidaita, numfashi ya dawo. Tsarin amsar kuma mai sauƙi ne: abin da kike yi yanzu, abin da kika yi a baya da ya shafi wannan aikin, dalilin da ya sa kike neman wannan. Daƙiƙa 60 zuwa 90. Ba sa neman tarihin haihuwa ko na iyali.

Na biyu, guntayen jimlolin ceto. Waɗannan ba a ƙirƙirar su a lokacin da ake bukatarsu, domin lokacin kai ya riga ya ɗaure:
"Could you repeat the last part, please?"
"Do you mean this or that?" sai ki saka abu biyun da kike zato.
"Let me think for a moment."
"Let me put that another way."
Huɗun nan ki maimaita su har sai sun fito ba tare da tunani ba.

Anti Malama: A kan wannan ba mu da saɓani, Baffa. Guntaye irin waɗannan ai su ne tubalin magana, ko 'yan asalin harshen da su suke gini. Abin da na hana shi ne haddace shafi guda. Ka haddace ƙofar shiga da ta fita, tsakiyar ɗaki a bar wa kati.

Ƙarin bayani a kan ta farkon: ki lura ya ce "the last part". Yana da amfani a faɗi ɓangaren da ba a ji ba. In kika ce "Sorry?" kawai, mutumin zai maimaita duk tambayar da irin saurin da ya yi ta farko, ki sake rasa wurin da kika rasa.

Ɗan Auta: Anti, ni matsalar lafazi ce ta dame ni. Shin ya kamata mutum ya koyi karin Ingila ko na Amurka kafin ya shiga? Kwana 10 zai isa?

Anti Malama: Ba zai isa ba, ɗana, kuma ba a buƙata. Masu magana da Turanci a matsayin harshe na biyu sun ninka 'yan asalinsa yawa, mai yiwuwa cikin mutum 3 da za su zauna da kai akwai wanda shi ma koyonsa ya yi. Karin harshe daban, a fahimce ka daban. Jennifer Jenkins, masaniyar harshe 'yar Ingila, ta fitar da bincike a shekarar 2000 a kan sautukan da ke hana fahimta tsakanin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne. Ta nuna cewa sautin "th", wanda mutane ke kashe kansu a kai, ba ya cikin masu jawo ruɗani. Ka ce "tink" a maimakon "think", za a gane ka. Masu jawo ruɗani su ne sauran baƙaƙe, da tsawon wasali, da kalmar da aka danna a cikin jimla.

Kowane harshe da inda yake tuntuɓe. Balarabe yana fama da p da b, Bajapane da r da l. Mai Hausa a baki, nasa su ne:

p da f. Hausa ba ta bambanta su, don haka "copy" da "coffee" sukan zama abu ɗaya, haka "pull" da "full", "profit" kuma ya fito da f biyu. Gyaransa a leɓe yake. A p leɓɓa biyu suna haɗuwa su rufe gam, sannan iska ta fashe. A f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska tana ta fita ba yankewa. Ka riƙe takarda a gaban baki: p za ta kaɗa ta sau ɗaya, f za ka iya jan ta har numfashi ya ƙare.

v da b, kamar "vote" da "boat", "invoice" da "revenue". Wurin v daidai da wurin f ne, sai dai maƙogwaro na rawa.

Cusa wasali tsakanin baƙaƙe, domin gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere. "Skill" ya koma sikil, "plan" ya koma filan. Wannan ba ya cika hana fahimta shi kaɗai, amma in ya haɗu da musanya p da f, kalmar ta ɓace.

Kada ka ce za ka gyara dukan Turancinka. Ka fitar da kalma 20 zuwa 30 da babu makawa sai ka faɗe su a ranar: sunan kamfanin, sunan muƙamin, kalmomin sana'arka. Ka duba kowace a ƙamus ɗin Cambridge na intanet, akwai murya biyu, ta Ingila da ta Amurka, ka zaɓi ɗaya. Ka fi mai da hankali ga gaɓar da ake dannawa. "Develop" a gaɓa ta biyu ake danna ta, "colleague" da "management" a ta farko. "Record" in suna ce a farko, in aikatau ce a ƙarshe. Kuskuren danna gaɓa yana iya ɓatar da mai sauraro.

Maman Hanan: Allah Ya saka da alheri Anti. To nahawu fa? Shi ne ke tsayar da ni, ina cikin magana ina gyara kaina.

Anti Malama: Gyara kai a tsakiyar jimla ya fi kuskuren kansa ɓata magana. In "s" ta faɗi a ƙarshen kalma, bar ta a ƙasa ki wuce. Kuskure 3 kawai nake so ki tsare, domin su suna canza ma'ana.

Muna cewa "ina aiki a nan tun 2019", sai bakin ya juya ta kai tsaye ya ce "I am working here since 2019". Daidai shi ne "I have worked here since 2019" ko "I have been working". In kuma kin bar wurin, "I worked there for four years". Bambancin nan shi ke gaya musu ko har yanzu kina wurin.

Labaran STAR duk a lokacin da ya wuce suke. Ki rubuta aikatau 15 da za ki yi amfani da su, ki tabbatar da siffarsu ta baya: "led", "found", "built", "reduced", "checked". Wutsiyar "-ed" ba ta zama gaɓa ta daban sai bayan t ko d, kamar "audited". "Checked" gaɓa ɗaya ce.

Na ƙarshe shi ne tarkon da ya fi kama mu. A ce miki "You haven't used this software before, have you?" Da Hausa amsar ita ce "e, ban taɓa ba". Da Turanci in kika ce "yes", kin ce kin taɓa. Haka "Do you mind if we record this?" wanda "yes" ɗinsa ke nufin ba ki yarda ba. Maganinsa kada ki amsa irin waɗannan da kalma ɗaya. Ki cika jimlar: "No, I haven't used it", "That's fine, please go ahead".

Abban Sadiq: Bari in ƙara ɗaya daga ɓangaren masu ba da maki. "We" da "I". Mutum ya ba da labari mai kyau, tun daga farko har ƙarshe "we did, we decided". Mai tantancewa ba kamfaninku zai ɗauka ba, ke zai ɗauka, in bai ji abin da hannunki ya yi ba, babu inda zai rubuta maki. Shimfiɗa da sakamako a yi su da "we", mataki a yi shi da "I". Haka kuma "I will try". A kunnensu tana nuna shakka. In za ki iya, ki ce "I can do that". In ba ki taɓa yi ba, ki faɗa, ki kawo makamancinsa da kika yi.

Injiniya: Kowa yana maganar baki, ba wanda ya taɓo kunne. Da yawa ba a magana suke faɗuwa ba, a ji suke faɗuwa: su amsa tambayar da ba a yi ba, da Turanci mai kyau. Tunda ta Zoom ne, Hajiya, rabin matsalar ji na'ura ce, kuma ana iya maganinta.

Ki sa abin sauraro a kunne, mai waya ya fi, domin na Bluetooth caji na iya ƙarewa ko ya yanke. Lasifikar kwamfuta tana haɗa muryarsu da amsa-kuwwar ɗaki, ƙananan baƙaƙen ƙarshen kalma su narke. Makirfo ya kasance kamar faɗin yatsu 3 daga gefen baki, ba a gabansa ba, in ba haka ba p ɗin da Anti ta koya miki za ta riƙa bugun kunnensu. A Zoom akwai wurin gwada murya a cikin saiti, ki naɗi kanki ki saurara tun kwana 2 kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai ɗan jinkiri tsakanin lokacin da mutum ya yi magana da lokacin da ta iso. Ki bar daƙiƙa 1 zuwa 2 bayan ya yi shiru kafin ki fara. Yana hana ku yi karo, kuma ya ba ki lokacin tunani kyauta.

Idan an ba ki sunayen waɗanda za su zauna da ke, ki duba daga ina suke. Turancin Indiya, na Scotland, na kudancin Amurka, kowanne sai kunne ya saba. Minti 20 a kullum na sauraron irin wannan karin a YouTube, ba tare da rubutu a ƙasa ba, zai yi tasiri cikin mako guda.

Ɗan Auta: Yaya Injiniya, ai Zoom da Teams da Google Meet duk suna fitar da rubutun abin da ake faɗa a ƙasan allo. Me zai hana a kunna a huta?

Injiniya: A kunna, amma kada a jingina da shi. Yana zuwa a bayan magana, yana kuskure a sunaye da kalmomin sana'a, waɗanda su ne ka fi buƙata, kuma a Zoom wani lokaci sai mai masaukin taron ya ba da dama. Sannan idonka zai koma ƙasa yana bin layi, su kuma su ga kamar amsa kake karantawa. Ka saurara da kunne, in kalma ta kuɓuce ka saci kallo.

Intabiyun da ake yi ta kiran waya ma ya fi wuya. Layin waya na gargajiya yana ɗaukar sauti daga 300 zuwa 3400 Hertz (ma'aunin kaifin sauti) ne kawai, alhali yawancin ƙarfin sautin s yana sama da haka. Shi ya sa s da f ke kama da juna a waya ko ga ɗan asalin harshe. In za ka faɗi adireshin imel ko harrufan suna, ka yi amfani da kalmomin da matuƙa jirgin sama ke amfani da su: "S for Sierra", "F for Foxtrot", "P for Papa".

Baffan Yara: Tunda akanta ce, lambobi su ne rayuwarta. "Fifteen" da "fifty", "thirteen" da "thirty". Na farko ana danna ƙarshe a ja wasalin, na biyu ana danna farko a gajarta ƙarshe. In adadin yana da nauyi, kamar albashi ko kashi cikin ɗari, a bi shi da lamba ɗaya-ɗaya: "fifty, five zero". Ba abin kunya ba ne, 'yan kasuwar duniya haka suke yi. Kwanan wata ma tarko ne. 04/05 a Ingila 4 ga Mayu ne, a Amurka 5 ga Afrilu. Baturen Ingila in ya ce "half three", uku da rabi yake nufi. Ki tabbatar da ranar da lokacin a rubuce, da sunan wata, da agogon ƙasar da ake nufi.

Maman Hanan: Tambaya ta ƙarshe don Allah. Ya dace in fara da ba su haƙuri cewa Turancina ba shi da ƙarfi?

Hajiya Babba: A'a 'yata. Da kin faɗa, kin sa sun daina sauraron abin da kike cewa sun koma farautar kuskure. Sun karanta takardunki, sun san ba harshenki ba ne, suka kira ki. In su suka tambaya, ki ba su hujja: da Turanci kike rubuta rahoto, da shi kike amsa imel. In kina da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko matakinki a ma'aunin Turai mai hawa 6, daga A1 zuwa C2, ki faɗa, kada ki ƙara ko ki rage.

Abin da zai fi taimakonki shi ne rage gudu. Mai fargaba sauri yake yi, yana zaton sauri ne ƙwarewa, sai ƙarshen kalmomi su guntule. Hirar Turanci ta yau da kullum tana tafiya wajen kalma 150 a minti. Ke ki nemi 120 zuwa 130. Gwajin mai sauƙi ne: ki naɗi amsa ta minti 2, ki rubuta abin da kika faɗa, ki ƙirga. In ya haura 300 kina gudu. Sannu ba ta hana zuwa. Inda "eh" da "am" ke son fitowa, ki rufe baki kawai. Shirun daƙiƙa 2 a wurinki dogo ne, a kunnensu mutum ne mai tunani kafin ya yi magana.

Abban Sadiq: Ga yadda za ki raba kwana 10 ɗin. Kwana 2 na farko, sanarwar aikin da katunan labari 6 da jerin kalmomin furuci. Daga na 3 zuwa na 7, kullum minti 40 na magana da baki, labari 2 a rana da dabarar 4-3-2, ki naɗa ki saurara, kowane naɗi ki gyara abu ɗaya tak. Na 8, ki samu wanda zai yi miki gwaji na minti 45 cif ta Zoom, ki ba shi tambayoyin ki ce ya juya su yadda ya ga dama, ya katse ki aƙalla sau 2, kuma kada a sa Hausa ko kin maƙale. Na 9, ki gyara abin da gwajin ya tona, ki shirya tambaya 3 da za ki yi musu, kamar abin da suke sa ran gani daga wanda aka ɗauka cikin wata 3 na farko. Na 10, babu sabon abu.

Anti Malama: Ranar kuma, minti 15 kafin a shiga, ki yi magana da Turanci da ƙarfi, ko da karanta sanarwar aikin ne, don kada gaisuwarsu ta zama Turancin farko da bakinki zai furta a ranar. Katunan ki manna su a gefen allo daidai tsayin kyamara, da manyan harrufa, kalma 5 kowanne.

Ɗan Auta: Anti, in an yi tambaya, an maimaita, har yanzu ban gane ba fa?

Anti Malama: Kada ka nemi maimaici na uku. Ka faɗi abin da ka fahimta da kalmominka, ka mayar masa: "So you are asking how I handle late reports, is that right?" In daidai ne zai ce e, ka ci gaba. In ba daidai ba ne, dole ya sake gina tambayar da wasu kalmomi, waɗanda galibi sun fi na farko sauƙi.